Taliyar Umma Cikin Romon Shayi

Duk wanda ya tashi a birnin Kano ya san taliya iri uku. Akwai ta kanti, doguwar nan mai kama da tsinken tsintsiya, wadda a kan dafa da miyar dage-dage ran da aka yi baƙi. Akwai Indomie, wadda yanzu ko yaron da bai iya kiran sunan ubansa ba ya iya kiran nata. Sa'an nan akwai tamu ta gida, taliyar Hausa, wadda tsofaffi ke ce wa 'yar murji, domin a da da hannu a ke murza ta sili-sili kafin injin ya zo. Wannan ta ukun ita ce sana'ar mahaifiyata, da ribarta aka saya mini akwatin ƙarfen da na zo da shi makarantar nan, kuma a kanta na ke so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wani girki da na yi a hutun hunturun da ya wuce. Na san wasu za su yi dariya tun daga kan sunan, gama ba a saba jin shayi da taliya a kwano ɗaya ba. To, a yi dariyar, amma a karanta tukuna.

Gidanmu yana Ƙauyen Alu, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, maƙwabtan Unguwa Uku. Sunan ne kawai ya rage na ƙauye, gari ya riga ya haɗiye mu tuntuni. Wanda ya shigo gidanmu da hantsi ba zai ratsa tsakar gida ba sai ya sunkuya, saboda igiyoyi ne jere daga bangon ɗakin Umma zuwa na Hajiya kakata, kowace an rataya mata taliya tana lilo kamar zaren masaƙa. Umma ta kan kwaɓa fulawa da ruwa da ɗan gishiri, ta yi kwaɓin da tauri ƙwarai, har sai ta danna shi da ƙarfin kafaɗa. Sa'an nan a yanka shi gunduwa-gunduwa, a bi da shi ta bakin injin mai faɗi sau uku ko huɗu har ya yi sumul, kana a mai da shi bakin mai haƙora ya fito sili-sili. Mai juya hannun injin daban, mai tarewa daban. Da hunturu wuni ɗaya ya isa ta bushe. Da damina kuwa kullum idon Umma yana sama, da ta ga hadari ya haɗo sai ka ji ta tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya.

Ana cewa sunan taliya daga Italiya ya samo asali, kuma fataken Larabawa na Tarabulus ne suka koya wa mutanen cikin birni ita. Alkama dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano, da ita a ke yin alkaki da finkaso tun zamanin kakanni, kuma tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ana noma ta da rani a Kadawa da Kura. Amma yawancin fulawar da a ke sayarwa a kasuwa daga alkamar ƙasashen waje a ke niƙo ta, shi ya sa duk ran da naira ta faɗi Umma ta kan ji faɗuwar a cikin buhunta. Tun daga 2023, da aka janye tallafin man fetur, mudun fulawa bai sake zama inda aka bar shi ba.

Mahaifina tela ne, shagonsa yana Gyadi-Gyadi. Kafin a ba mu hutu da kamar wata guda jiri ya ɗebe shi yana kan keke, yaran shago suka kai shi asibiti, aka auna shi aka ce hawan jini ne. Ba a gaya mini ba sai da na dawo gida, wai don kada hankalina ya rabu ana cikin jarrabawa. Likita ya ba shi magani, ya kuma kafa masa doka: ya rage gishiri sosai, ya rage dunƙulen magi da kanwa, ya bar kitse, jan nama kuwa sai jefi-jefi. Wanda ya san Baba ya san wannan doka ta fi allura zafi a wurinsa. Mutum ne da ba ya shigowa gida da dare sai da ƙunshin tsire ko balangu a aljihun babbar riga, ko da kuwa na kuɗi kaɗan ne, kuma miyar da bai ga mai yana yawo a kanta ba ba ya ce mata miya.

Umma ta bi dokar likita sau da ƙafa. Ta kan raba tukunya biyu, tamu daban tasa daban. Tasa kuwa, Allah ya ba mu lafiya, lami ce ƙarara. Ya kan kai loma biyu ko uku, ya ture kwanon, ya ce ya ƙoshi. Sa'ad da na iso gida sai na tarar wuyansa ya yi tsawo, mazagin wandonsa ya ƙara ninki, shago kuwa sai ya yi kwana uku bai leƙa ba. Ga azumi yana ƙaratowa, kuma kowa ya sani ɗinkin sallah shi ne kakar tela. Wanda bai karɓi aiki tun kafin watan ya kama ba, masu kaya za su kai wa wani, kuma ba lalle su dawo baɗi ba. Ba wanda ya faɗa a fili, amma ni na san sayayyar komawata makaranta da ta ƙannena biyu tana cikin wannan kwanon da a ke turewa. Na ji Umma da dare tana lissafin buhun fulawa da yatsu, ta kai ƙarshe ta sake farawa.

A nan ne wani darasi da aka yi mana a zangon farko ya faɗo mini. Wata rana malaminmu na kimiyya ya shigo aji da daddawa a ƙulle cikin takarda. 'Yan gaba suka toshe hanci, shi kuwa ya ce mu saki, gama abin da mu ke gudu shi ne mu ke lasar kwano dominsa. Ya bayyana mana yadda a ke dafa kalwa, watau 'ya'yan ɗorawa, ta daɗe a wuta, a cire ɓawon, a rufe ta kwana biyu ko uku a wuri mai ɗumi, sai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani ta shiga aikinta. Ya rubuta sunanta a allo, basilus. Ya ce ita ce ke farfasa abin gina jiki da ke cikin kalwar, har wani sinadari mai suna gulutamet ya fito, wanda shi ne ke sa miya ta yi garɗi. Sa'an nan ya ce mutanen Japan suna da wani abinci da su ke kira natto, da waken suya a ke yin sa, kuma wannan ƙwayar halittar ce dai ke yi musu aikin. Ya ce in Bajapane ya shiga lungun da a ke shanyar daddawa, zai tuna gida.

Har wa yau ya ba mu labarin wani malamin jami'a a Tokyo, Kikunae Ikeda, wanda a 1908 ya zauna yana binciken abin da ya sa romon wata ciyawar teku da su ke kira kombu ya ke da daɗi alhali babu nama a ciki. Ya tace, ya ƙafar, har ya ware gulutamet ɗin nan, ya ce wannan ɗanɗano ne na biyar, daban da zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri, ya sa masa suna umami. Shekara ɗaya bayan haka, a 1909, aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wanda mu nan mu ke kira farin magi. Malam ya ce sinadarin nan yana nan da yawa a cikin tumatir, balle busasshe. Na rubuta wannan duka a littafina don jarrabawa kawai, ban san a murhun gidanmu zai yi mini rana ba.

Abu na biyu kuwa hoto ne. A ɗakin karatu na makaranta akwai wani tsohon littafi na abincin ƙasashen Asiya, bangonsa ya rabu. A ciki na ga hoton wani fili an jera sanduna, an rataya farar taliya siririya tana shan iska, wani tsoho yana raba ta da sanda don kada ta manne. Wallahi da ba don rufin ɗakunan ba sai in ce tsakar gidanmu ce. Sunanta somen, da alkama a ke yin ta, garin Miwa na yankin Nara ya yi suna a kanta, kuma da sanyi a ke yin shanyar kamar yadda Umma ta fi son hunturu. Da zafi su kan ci ta da sanyinta, da sanyi kuwa su zuba ta cikin romo mai zafi. Suna da wata mai kauri, udon, da wata kuma soba, wadda wani lokaci a kan kwaɓa ta da garin koren shayi ta fito kore shar. Bugu da ƙari suna da al'adar zuba ruwan koren shayi a kan shinkafa su sha kamar fate, su ce masa ocazuke.

Mai karatu zai ce, me ya kai mutane ga wahalar neman daɗi a ciyawar teku, ga shanu Allah ya halitta? Dalilin yana cikin tarihinsu. A shekara ta 675 sarkinsu Tenmu ya hana cin naman shanu da dawaki da kaji da wasu dabbobi a watannin noma, saboda koyarwar addinin Buda da ya shigo musu. Daga nan ƙyamar naman dabbar gida ta zauna musu kusan shekara 1200, ko da ya ke talakawa ba su bar kifi da naman farauta ba, har zuwa 1872 sa'ad da sarki Meiji ya ci naman sa, aka baza labarin don jama'a su bi. Masu zaman ibada a gidajen bautarsu kuwa ko kifin ba sa ci, su ne suka ƙware wajen haɗa romo da kombu da busasshen naman kaza. Ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, Eisai, shi ya komo daga ƙasar Sin da irin shayi a 1191. Mu dai Allah ya halatta mana nama, kuma ba ina kiran kowa ya bar shi ba ne, ni ma ran da aka sa mana shi a ɗakin cin abinci ina cikin masu leƙa kwanon maƙwabciya. Abin da na gani kawai shi ne, mutanen da suka shekara dubu suna neman yadda romo zai yi daɗi ba nama ba kitse, lalle suna da abin da za su koya wa 'yar tela da ubanta ya ƙi cin abinci.

Na gaya wa Umma niyyata. Ta dube ni ta ce, "Ke dai kada ki ɓata mini fulawa." Na ɗauki wannan a matsayin izini.

Kombu babu shi a kasuwar Tarauni, na tabbata ko Kurmi aka je ba za a samu ba. Saboda haka na nemi 'yan'uwansa na gida. Na sayi kauɗa, watau busasshen tumatir, na wanke ta sau uku domin a ƙasa a ke shanya ta, ƙura da yashi ba sa rabuwa da ita, sa'an nan na jiƙa guda takwas a ruwan ɗumi. Na karɓi daddawa ƙwaya ɗaya a wurin Hajiya, irin ta kalwa zalla wadda a ke kawo mata daga ƙauye. Na raba albasa biyu na ɗora a kan garwashi har gefenta ya yi baƙi, domin gashi ya kan fito da zaƙinta. Na haɗa su a tukunya da ruwa kofi shida, da ɗanyar citta ɗan yatsa guda, da tafarnuwa uku, da karas ɗaya. Na rage wuta, na bar shi yana ɗan motsi kamar rabin sa'a, ban bari ya yi tafasar hauka ba. Da na tace da tsumma mai tsabta sai ga ruwa ja-ja garau, ana hango gindin kwano. Wannan shi ne abin da ya fi ba Umma mamaki, gama mu a wurinmu miya sai da kauri, abin da a ke ganin ƙasan kwano ta cikinsa sunansa tsululu.

Saura shayi. Baƙin shayin da mu ke sha da madara da koren shayi duk ganyen itace ɗaya ne. Bambancin shi ne, koren da an tsinko shi a ke ba shi zafi, mutanen Japan su turara, mutanen Sin su soya a busasshen kasko, don kada ya sha iska ya yi baƙi. Na Japan ba ya zuwa unguwarmu. Amma na Sin yana nan a kowane lungu, a ɗan kwalin nan da Buzaye ke saye. Akwai wani Buzu mai gadi a wani babban gida a hanyar Tarauni, mutumin Agadas, wanda ƙanena ya saba zama wurinsa yana kallon yadda ya ke ɗaga ɗan buta sama yana tsiyayawa har kumfa ta taru. Na aiki ƙanen nawa ya sayo mini ɗan kwali, ya kuma tambayo shi sirrin abin. Ya dawo da saƙo biyu. Na farko, a fara ɗauraye ganyen da ruwan zafi a zubar, ƙura da kaifin ɗacin su tafi. Na biyu, wai in ji shi a gaya wa yarinya shayi ba sukari horo ne, in ubanta ya yi mata laifi ta yafe masa.

Su Buzaye tafasa ganyen su ke yi a kan gawayi ya daɗe, su yi zubi uku, na fari mai ƙarfi na ƙarshe mai zaƙi, sukari ne ke danne ɗacin. Ni kuwa ba zan sa sukari a romo ba. Sai na yi irin abin da a ke sa mu a ɗakin gwaje-gwaje. Na jera kofi uku, kowanne da ƙaramin cokali na ganye. Na ɗaya na zuba masa ruwa yana tafasa na bar shi minti biyar. Na biyu na sauke butar ta huce minti biyar kafin in zuba, na tace bayan minti biyu. Na uku ruwa mai ɗumi kawai. Na ɗaya ya yi ɗaci har yana kama harshe kamar ɗanyen goro, na uku kamar an wanke ciyawa, na biyu kuwa ya fito ruwan ɗorawa-kore, da ƙamshi kamar na sabon ganye da ɗan ɗaci kaɗan a can ƙarshe. Littafin ya ce ruwan ya kasance wajen digiri 70 zuwa 80, mu kuwa ba mu da ma'aunin zafi a gida sai na zazzaɓi, don haka agogon bango ya yi aikin. Abin lura shi ne ba a dafa shayin tare da romon. A ajiye shi gefe, sai za a ci a haɗa, kashi ɗaya na shayi kashi biyu na romo.

Duk wannan abin Hajiya tana zaune bakin ƙofarta a kan tabarma tana jan carbi tana kallona. Sunanta aka sa mini, don haka takwara ta ke ce mini, kuma ba ta raga mini ko kaɗan. Ta ce, "Ke takwara, shayi a miya? Yau na ga abin da ya isa. Ɗan nawa ciwo bai kashe shi ba, boko zai ƙarasa shi." Na ce, "Hajiya, ai daddawarki ce a ciki, in an kama ni tare za a kama mu." Ta ce ita ba ta san zancen ba.

A maimakon nama na sa awara. Wannan ma wani abin mamaki ne, domin awarar da yara ke saye a ƙofar makarantar allo ana barbaɗa mata yaji ita ce mutanen Sin da Japan ke kira tofu, kuma su ma haka su ke yi, a jiƙa waken suya, a niƙa, a tace, a tafasa madarar, a zuba abin da zai sa ta dunƙule. Mu ruwan tsami mu ke zubawa. Na je wurin maƙwabciyarmu mai yin ta, na ce, "Goggo, a ɗebar mini kafin a sa gishiri da magi, kuma kada a soya." Ta ce, "Wa zai ci wannan, akuya?" amma ta ba ni. Na yanka ta ƙanana, na gasa a busasshen kasko har ta yi ja ta kowane gefe. Na soya riɗi ba mai, na ɗan daka shi sama-sama. Na tsinko zogale a bayan ɗaki, na yanka lawashi da kabeji siri-siri.

Taliyar kuwa Umma da kanta ta murza, ta rage gishirin kwaɓin, kuma ba mu shanya ta ba, ɗanya muka dafa. A nan ma akwai bambanci da yadda muka saba. Mu mu kan tsane ta mu zuba manja da yaji nan take. Su kuwa a ruwa mai yawa su ke dafa ta ita kaɗai, su tsame, su wanke ta da ruwan sanyi suna murzawa har santsin ya fita, sa'an nan su sa ta a kwano su kwarara romo mai zafi a kai. Amfanin haka biyu ne: romon ba ya yin kauri, kuma yawancin gishirin kwaɓin ya kan bi ruwan da aka zubar. Gishirin da na sa a tukunyar duka bai wuce abin da yatsu uku za su ɗauka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a wuni, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma in mutum ya lissafa abin da ke shiga tukunyarmu tsakanin gishiri da dunƙule da kanwa da yajin ƙuli zai ga mun wuce nan tun kafin azahar. Daga ƙarshe na matsa rabin lemon tsami, domin tsami ya kan sa harshe ya manta da ƙarancin gishiri.

Bayan sallar isha na kai masa. Ana sanyi ranar, yana zaune cikin bargo da rediyo a gefensa. Na durƙusa na ajiye, na buɗe murfin, tururi ya tashi. Baba ba ya kiran sunana saboda na mahaifiyarsa ne. Ya ce, "Uwata, me kuma aka kawo mini?"

Na ce, "Romo ne, Baba."

Ya sa cokali ya juya, ya ɗago awara ya duba ta gaba da baya. Ya ce, "Romon me? Ban ga ƙashi ba."

Na ce, "Irin na mutanen Japan ne."

Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Japan masu Juki?" Keken ɗinkinsa ke nan na shago, wanda ya ke ji da shi kamar ɗa. Na ce su fa. Ya ce, "To, shekara goma sha ɗaya kekensu bai ba ni kunya ba. Bari mu ga miyarsu."

Ya kurɓa. Bai ce komai ba. Ya sake kurɓa, ya naɗo taliyar, ya ci. Ni dai ina durƙushe ina kallon tabarma, Umma kuwa tana bakin ƙofa wai tana neman wani abu da ba ta ajiye a nan ba. Can ya ce, "Akwai daddawa." Na ce akwai. Ya ce, "Akwai wani abu kuma a bayanta, mai ɗan ɗaci, kamar an ci goro an sha ruwa." Na ce shayin Buzaye ne. Ya ajiye cokalin ya yi dariya har da tari, rabon da a ji dariyarsa a gidan tun kafin in dawo. Ya ce a miƙo masa barkono, ɗanye, tun da likita bai hana shi wannan ba. Na yanka masa attaruhu rabi. Ya cinye taliyar, ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya shanye romon, wanda ashe haka su ma masu abin su ke yi.

Kada in ƙara gishiri a labarin, tun da a kan rage shi mu ke. Bai ce ya fi farfesun kan rago ba, da na tambaye shi ma cewa ya yi, "Uwata, kada ki haɗa sarki da dogari." Kuma ba romon ne ya saukar masa da jini ba, maganin asibiti ne da ya ke sha kullum da safe. Abin da romon ya yi shi ne ya buɗe masa baki. Da Umma ta ga haka sai ta ɗauki dabarar ta kai cikin tukunyarsa ta kullum: kauɗa da daddawa da gasasshiyar albasa a gindin miyar kuka, lemon tsami a kan faten wake. Ta fi ni iya ta nesa ba kusa ba, ko da ya ke har yanzu ba ta yarda da shayin ba sai in ni na ke gida.

Wani abu da na riƙa tunani a kai shi ne, ashe taliyar Japan ta daɗe da shigowa unguwarmu ta bayan gida. Wani mutum mai suna Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro taliyar leda mai dahuwa cikin minti kaɗan a 1958, a wani gari kusa da Osaka wanda shi ma sunansa Ikeda, kamar malamin nan mai umami. Dabararsa ita ce a turara taliyar a soya ta a mai har ruwanta ya ƙone, ta yadda da ta ji ruwan zafi za ta farfaɗo. Daga can abin ya bazu ƙasashen Asiya, Indomie ta fito daga Indunusiya, aka fara kawo ta Nijeriya a 1988, aka kuma kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Yau duk teburin mai shayi daga Gyadi-Gyadi har Unguwa Uku za ka ga katan-katan a jere, ga buta tana tafasa a wannan murhu, ga taliya da ƙwai a wancan. Watau shayi da taliya sun shekara da shekaru suna zaune a tebur ɗaya a Kano, ba wanda ya gabatar da su ga juna. Mu ma nan makaranta wace ce ba ta ɓoye leda biyu-uku a ƙasan akwati saboda daren da gabza ta gagara?

Amma a ganina mun yi wa taliyarmu ta gida rowa. Mun tsare ta a kan manja da yaji, sai ko wake in an so a burge, kamar ba ta iya komai ba. Haka kuma mun ɗauka abinci ba nama abincin babu ne, alhali ɗanwake da garau-garau da alale da kwaɗon zogale duk ba nama, kuma ba wanda ya ke ture su. Baƙo ne kaɗai ba ma iya ajiye wa kwano ba tsoka a sama, don kada a ce mun gaza.

Ranar ziyarar da ta wuce Umma ta zo da ƙanena. Ta ce Baba ya koma shago, ya karɓi ɗinki har ya fara mayar da wasu. Ƙanena ya ce Buzun yana tambaya ko uban yarinya yana nan da rai, da aka ce masa har ƙari ya ke nema sai ya girgiza kai ya gyara rawaninsa. Mata biyu a layinmu, waɗanda su ma mazansu ke da hawan jini, sun fara aiko yara sayen ɗanyar taliya mai ƙarancin gishiri, Umma ta kan murza musu daban ranar Litinin da Alhamis. Hajiya kuwa har gobe ta ce wannan abu ba miya ba ne, kuma ba za ta ci taliya tana iyo ba. Sai dai Umma ta ce duk ran da aka dafa romon ta kan miƙo kofinta na silba ta ƙofa a zuba mata ruwan zalla, wai saboda mura.